Baƙon Gindin Tsamiya

Ranar kasuwar Bagudo ce, makon samun mulkin kai, ko'ina tutoci kore da fari. Atika mai fura tana kallon wani baƙon dattijo a gindin tsamiya, yana jiran motar iyakar Dahome. Kuturta ta cinye masa yatsu. A cinyarsa akwai sabon zane a naɗe, irin na amare. Ranta yana ba ta cewa 'yarsa ya kai wa, aka maido masa tun daga ƙofar gida.

Ba ya roƙon kowa. Littafi yake karantawa, yana juya shafi da leɓe.

Ta zuba masa fura a tsohuwar ƙwaryar da take warewa daban, ta ajiye a ƙasa.

"Baba, mi littafin ga ke cewa?"

"Yesu Almasihu ya gama aikin ceto, yarinya. Ba ladan aiki ba ne, alheri ne. Mutum ya ba da gaskiya, ya tara hannu kawai."

Yana duban dungulmin hannuwansa, idonsa taf da ƙwalla.

"Noma ya fi ƙarfina. Dafa kan ɗiyata an hana ni. Amma tara hannu, wannan kam ina iyawa."