Tukunyar Ƙarfe da Saniya Guda

Ko zan manta da komai na zaman birnin Greensboro, ban da ranar da bakina ya kusa raba ni da aikina. Lokacin ban daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, ina aikin kula da wata tsohuwar baturiya a unguwar Sedgefield. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, sai alfahari da wani kakan kakanta da ya zo daga Ingila. Kullum hirar ke nan, har na haddace shi kamar ɗan unguwarmu.

Duk Laraba sai na tuƙa ta zuwa laburare, ta duƙufa kan tsofaffin takardun wasiyya. Daga nan mu wuce maƙabartar wani coci a McLeansville, ta ba ni buroshi in kankare duwatsun kaburbura tana karanta sunaye. Ni da a garinmu mata ba sa zuwa maƙabarta, ga ni durƙushe ina wanke wa matattun Turawa fuska. Ina yi ina istigifari.

Ran nan ta samo wasiyyar mutumin. Ɗansa, wanda uwar ɗakina ta fito daga tsatsonsa, shi ya bar wa gona da gida. 'Yarsa kuwa, wadda ta auri wanda ba ya so, tukunyar ƙarfe ɗaya da saniya guda. Da muka duba littafin jana'izar cocin, sai ga zuriyar 'yar nan ta gangaro tiryan-tiryan har kan maƙwabciyarmu ta bayan shinge, wata tsohuwa da suka shekara goma ba sa ga maciji. Uwar ɗakina ta rufe littafin ta ce, "Kada ki kuskura kowa ya ji."

Wallahi na yi ƙoƙari. Kwana uku maganar na yi mini ƙaiƙayi. Zuriyar wa da ta ƙanwa fa! A wurinmu ai taubasai ke nan, masu zagin juna ana dariya. Rana ta huɗu na fita zubar da shara, maƙwabciyar na ban ruwan furanni, sai kawai na zazzage mata komai, har da bayanin wasan taubasai.

Da na gaya wa antina a waya, salati ta saka. "Ke kam ba ki da hankali! Ejensin da ta samo miki aikin za ta kore ki, wa zai sake ɗaukar ki? Nan fa ba Maraɗi ba ce."

Washegari da hantsi aka buga ƙararrawa. Na buɗe, sai ga maƙwabciya rungume da wata baƙar tukunya. Ta wuce ni, ta dire ta a tsakiyar falo ta ce, "Tukunya dai ta iso hannunmu. Na zo karɓar saniyar."

Uwar ɗakina ta juyo ta zuba mini ido. Har na fara tunanin inda na ajiye jakata. Can ta gyara zaman tabarau ta ce, "Kakarki ce ta bi miji mara kan gado. Saniyar ta fi ta hankali, ta ƙi tafiya."

Sai dariya ta ƙwace musu, har da share hawaye. Daga baya na ji ashe tukunyar a shagon gwanjo na titin Gate City Boulevard ta sayo ta da safiyar nan.

Ba a kore ni ba, amma sati guda uwar ɗakina ba ta amsa gaisuwata, kuma da gaskiyarta, amana na ci. Bayan shekara biyu da ciwon ajali ya kwantar da ita, maƙwabciyar ce zaune a bakin gadonta, ita ce ta ce wa likita, "Ni 'yar'uwarta ce." Na fita waje na yi kuka mai isata.

Tun daga nan na koyi kame bakina kan sirrin mutane. Na kuma gane cewa ba amfanin tono dangin da ke ƙarƙashin ƙasa, idan za a bar na bayan shinge ba gaisuwa.