Kifayen da Baffa ya yi kiwo

Shekarun baya, lokacin ina aiki a gidan gurzar auduga na Funtua, ciwon bushiya ya shiga garken mahaifina, wanda muke kira Baffa, a can wajen Mahuta. Kafin damina ta faɗi babu ko maraƙi a tsaye. Na je na ɗauko shi ya dawo gidana a cikin gari. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa wayar gari ba tare da kukan saniya ba, sai ga shi a zaure ya juya wa ƙofa baya. Fura ma, da ba ya wasa da ita, sai ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Na kai shi asibiti aka ce lafiyarsa lau, amma ina kallo yana ƙarewa. Tsoro ya kama ni sosai.

Ina da wani abokina Bayarabe, haifaffen Funtua, mai yankan gilashin taga, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi. A bayan shagonsa yana kiwon wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye da ya samo iri daga Kaduna, cikin akwatunan gilashi da ya haɗa da kansa. Nan tunani ya zo mini. Da na faɗa wa matata sai da ta ajiye ludayi don dariya. "Malam, mutumin da ya rasa shanu za ka lallasa da kifin da ko miya bai isa ba?" Na ce mata ta zuba ido kawai, alhali ni ma ban san me nake yi ba.

Iri biyu abokina ya nuna mini. Na farko masu dogon jela ne, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi kamar atamfar sallah, kowanne yana yawonsa yana yanga. Na biyu kuwa ba su da wani kyau, 'yan sirara ne masu zane-zane a jiki, sai dai duk inda ɗaya ya juya, gaba ɗaya suke juyawa. Idona ya tafi kan masu jela, har na fara nuna jajayen.

"Su kowa yake ɗauka," in ji shi. "Masu zanen nan wahala gare su, mutumina. Ba a ɗaukar ɗaya ko biyu. In ka raba su da 'yan'uwansu sai su laɓe a lungu, su ƙi cin abinci har su mutu."

Ciwon Baffa ke nan ya faɗa mini bai sani ba. Na ce ya kwaso mini masu zanen da yawa, ya riƙe masu kwalliyarsa.

A bokiti na ɗauko su bisa keke. Kafin in kai gida rabin ruwan yana cikin wandona, mutanen unguwa suna tambaya ko lafiya. Na kafa akwatin a zaure na zuba ruwan rijiya. Baffa ya waiga sau ɗaya, ya koma kallon bangonsa. Matata ta leƙo, ta taɓe baki ta koma ciki.

Haka muka ɗan jima. Wata safiya ina zuba musu garin busasshen kifi da dusa, sai na ji murya a bayana.

"Kai, ba haka a ke kiwo ba."

Na juyo. Baffa ne, ya matso da buzunsa.

"Ka tsaya masu a ka, inuwarka tana firgita su. Kuma wuri guda ka ke zubawa. Ba ka ga waccan ƙaramar ta baya ba? Kullum sai an cinye abincin sannan ta ke isowa. Miƙo nan."

Ya barbaɗa kaɗan a wannan gefe, manyan suka ruga, ya yi sauri ya barbaɗa wa ƙaramar a ɗaya gefen. Yana yi yana musu irin kiran nan na baki da yake wa shanu. Da ya gama ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ka ce wa mutanen gida su damo fura. Da kauri."

Wallahi da gudu na shiga cikin gida, ina isar da saƙon ina hawaye. Matata ta dama furar, ta kai masa da kanta, ta dawo ta ce, "To Malam, ka ci gari." Ban bar ta ta huta da wannan magana ba har shekara ta zagayo.

Daga ranar kiwon ya koma hannunsa. Ya san kowanne, ya san mai jan gaba, ya hana kowa ƙirga su kamar yadda ba ya bari a ƙirga shanunsa. Dattawan unguwa suka riƙa zuwa kallo, yana musu bayani kamar yana kasuwar shanu. Ya ƙara shekaru masu albarka tare da mu, har ya sake mallakar karsana kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Mu da muke son iyayenmu, mun fi ganewa mu ce su zauna su huta, mu za mu yi komai. Ni ma haka na yi wa nawa, kuma saura kaɗan hutun ya kashe shi. Har yau in na ga dattijo ya yi shiru a zaure, abin da nake fara tambaya shi ne, me aka bar masa da zai kula da shi in gari ya waye?