Bayan Katunan Baba Isyaku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin bas a Old Kent Road aka kira ni, wai Baba Isyaku ya rasu.



Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai kula da jana'iza a ƙungiyarmu ta Hausawan London tun shekarun tamanin. In namu ya rasu, Baba ne wanka, shi ne karɓo takardu a council, shi ne maƙabarta. Kowane mamaci da katinsa, a cikin kwalin takalmi a flat ɗinsa na Plumstead. Ni kaina wata uku na yi a falonsa da na sauka ƙasar nan, bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba.

A shekarun casa'in na zama sakatare, ina ji da kaina na karanci kwamfuta. Na kafe sai an kawo katunan nan ofis an zuba su a na'ura. Kuma ta yi amfani, ban musa ba. Suna, rana, lambar kabari, cikin minti ɗaya ka samu, ko da Baba yana Kano.

Sai dai gaban katin kawai na kwafa, wato sunan fasfo. A baya kuwa Baba ya rubuta da ajami sunan yanka na mutum, da laƙabinsa, da unguwarsu a gida. Da yawa cikin mutanenmu ba da sunansu na gaskiya suka shigo ƙasar nan ba. Ni ban iya ajami ba, na'urar ma ba ta da gurbinsa. Da muka canja ofis, ni da hannuna na zubar da kwalin.

Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Injiniya, ka adana ɓawo ka zubar da gyaɗa. To, sai ka yi ta addu'a kada in manta."

Makon jiya wata baiwar Allah ta zo daga Zariya neman kabarin mahaifinta. Sunan da ta sani babu shi a na'ura. Ranar Lahadi na je asibitin da Baba yake kwance na faɗa masa. Ya lumshe ido ya ce, "Dogo tela? Ai ni na saka shi a kabari. In an yi discharging ɗina zan kai ta."

Ban tambaye shi sunan fasfon ba. Wai kada in gajiyar da shi.

Baiwar Allahn nan tana Abbey Wood tana jiran kirana, jirginta jibi. Wallahi ban san da wane baki zan gaya mata ba. Kuma ba ita ce ta ƙarshe ba.

Allah Ya gafarta wa Baba, Ya yalwata masa makwanci. Don Allah ku sa shi a addu'a, tare da bayin Allahn da ke kwance a ƙasar nan da sunan da ba nasu ba. Ni ma ku roƙa mini gafara.