Ranar da Alƙali Ya Zo Ganin Lambun Baba

Kwanakin baya ina wanke-wanke rediyo na kunne, sai na ji ana hira da wani lauya daga wata ƙaramar ƙasa da teku ya kewaye. Maganarsa ita ce ruwa yana cin ƙasarsu a hankali, kuma doka ba ta faɗi abin da ƙasa za ta zama ba idan ta nutse. Mai gabatar da shirin yana ta mamaki. Ni kuwa na ajiye soso na zauna a bakin rijiya, domin na san wannan maganar tun kafin furfura ta fito mini. Tamu ƙasar ba ta fi filin ƙwallo biyu ba, a tsakiyar kogin Kaduna take, kuma ni ce na kai ta gaban hukuma da hannuna.

A bayan Makera akwai inda kogin ke rabuwa biyu ya sake haɗewa, ya bar tudun yashi da laka a tsakiya. Tsibiri muke ce masa. Da damina ruwa ke shanye shi gaba ɗaya, ko kan ciyawa ba ka gani. Idan ruwa ya janye sai ya fito da sabuwar laka baƙa wuluk, wadda ba ta neman taki. A nan babana ya yi lambu tun kafin a haife ni: tumatir, alayyafo, albasa, latas. Da wannan lambun aka saya mini yunifom, da shi aka yi mini kayan ɗaki.

Abin da wanda bai san wurin ba ba zai gane ba shi ne, tsibirin ba ya dawowa yadda ya tafi. Bana ya yi tsawo ta gabas, baɗi ya yi ciki ta yamma. Saboda haka babu mai iyaka ta dindindin. Kowace shekara masu lambun, su goma sha wani abu, sukan taru da doguwar igiya su sake rabo. Baba ke riƙe bakin igiyar ɗaya. Ɗaya bakin kuma na abokinsa ne, wani dattijo daga kudancin jihar da ya yi ritaya daga masaƙa, wanda kowa ke kira Elda saboda muƙaminsa a coci. Wanda ya sami gefen yashi bara, bana a ba shi laka. Ana gardama, ana zagin wasa, kafin azahar an gama.

Shekarar da soja suka koma bariki ina aikin taifis, wato buga takardu, a ofishin wani lauya a Kakuri. Lokacin bakin kowa doka, tsarin mulki, haƙƙin ɗan ƙasa. Ni ke buga waɗannan kalmomin safe da yamma, har suka hau mini kai. Ina ganin masu filaye suna shigowa da takardun mallaka a leda, sai raina ya riƙa sosuwa: shekara da shekaru mahaifina yana noma wuri, ko guntuwar takarda ba shi da ita.

Na same shi wata Juma'a yana wanke ƙafa a tsakar gida, Elda na zaune kan benci. Baba sunan mahaifiyarsa ya sa mini, don haka Uwata yake kirana.

Na ce, "Baba, yanzu fa mulkin doka ake yi. Wanda ba shi da takarda ba shi da komai."

Ya ce, "Uwata, takardar me? Wurin da bana yana nan, baɗi ya matsa?"

Elda ya karɓe. "Madam taifis, a bar wannan abu yadda yake, don Allah. Gwamnati ba ta san muna wurin ba, kuma lafiya lau muke cin abincinmu."

Na yi masa dariya. Har yau ina jin kunyar wannan dariyar. Ni mai baki ce, na gaji haka, kuma idan na kafe kan abu sai an gaji an bar ni. Sati uku ina yi wa Baba naci, har ya dangwala yatsa a takardar da na buga, su ma sauran suka dangwala don kunyarsa.

Na fara da ƙaramar hukumar da ke gefenmu. Jami'in filaye ya karanta, ya ce iyakarsu ta tsaya a bakin ruwa, in tsallaka. Na tsallaka. Na can ya ce su ma iyakarsu bakin ruwa ce. Na ce kogin biyu ne a wurin, wane bakin? Ya ce wannan tambaya ce mai kyau, amma dokar da ta raba su cewa kawai ta yi kogi ne iyaka, ba ta san yana rabuwa ba. Ya tura ni ofishin filaye na jiha. A can aka ce ba a karɓar buƙata sai da taswirar mai awo da turakun siminti a kusurwa huɗu.

Na kawo mai awo. Ya tuɓe takalmi ya tsallaka, yana ta girgiza kai, ya kafa turakunsa ya zana taswira. Ranar da na kai ta, wani akawu ya shimfiɗa ta kan tebur, ya jawo babbar taswirar gari ya gwada. A tasu taswirar, wurin shuɗi ne zalla, ruwa. Ya ɗago ya ce, "Ashe akwai fili a nan?" Ya ɗauki jan biro ya kewaye wurin. Na fito ina murna, wai yau an san da mu.

Damina ta zo ta tafi da turakun uku. Aka ce taswira ba ta dace da ƙasa ba, sai an sake awo. Fayil ɗinmu ya kwanta.

Da rani ya shigo, albasa ta fara kai, sai ga tifofi sun gangaro ta inda ruwa bai kai gwiwa ba. Wani Alhaji ne mai kwangilar yashi. Ba da faɗa ya zo ba, har gaisawa ya yi da Baba hannu biyu. Ya nuna takardar izini daga Abuja, wai yashin kogi ma'adini ne, ba na jiha ba ne, ba na ƙaramar hukuma ba. A bayan takardar an maƙala taswira. Kallo ɗaya na yi mata na gane ta. Tamu ce, wadda na kai da hannuna, har da lambar mai awon. Elda ya dube ni kawai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Maigidana a wurin aiki, Barista, ya tausaya mini ya shigar da ƙara. Shekara guda cur aka yi ana gardamar wace kotu ce ma ke da hurumin sauraro, tunda maganar ta taɓa tarayya, ta taɓa jiha, ta taɓa al'ada. Ni ke buga takardun, ina bugawa ina tsaki. A ɗage zuwa wata mai zuwa, lauyan can bai zo ba, alƙali ya tafi taro. Su kuwa tifofi babu mai ɗage musu zama. Suka fara daga ƙasan tsibirin suna hawowa, mutum huɗu suka rasa wurinsu suka koma dako a kasuwa. Na je ofisoshi na yi masifa har muryata ta dushe. Kowa zai ce in yi haƙuri, maganar tana gaban kotu.

Lauyan Alhaji kuma ya tsaya kan magana ɗaya: babu wani fili, kogi ne. Sai Barista ya roƙi alƙali ya je ya gani da idonsa. Aka amince. Aka sa rana a watan Satumba, bayan kotu ta dawo daga hutu.

Na ce, "Barista, Satumba fa! Lokacin ruwa ya cika."

Ya ce, "Na sani. Idan muka ƙi wannan ranar, za a ce mu ne ke jan ƙafa, kuma Allah kaɗai ya san sa'ad da za a ba mu wata."

Ranar Baba ya sa babbar rigarsa ta Idi. Elda ya sa kwat ɗinsa na coci. Muka tsaya a gaɓa tun hantsi. Kogin ya cika ya batse, jajawur, yana tafe da rassan itace da robobi. Alƙali ya iso wajen sha ɗaya, mutum mai natsuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Magatakarda na biye da shi da littafi. Ya tsaya inda laka ba za ta taɓa takalminsa ba, ya ce a nuna masa filin da ake ƙara a kansa.

Baba ya matsa gaba har ruwa ya jiƙa bakin rigarsa. Ya miƙa hannu.

"Ranka ya daɗe, ka ga inda ruwan ke juyawa can? Daga nan nawa ya fara. Ya miƙe har daidai waccan bishiyar ta tsallake. Na Elda yana kusa da shi, ta nan. Albasa a sama, alayyafo a gangare."

Yana nunawa dalla-dalla, yatsansa bai yi kuskure ba, ni na san haka. Alƙali ya bi yatsan da ido, ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambayi Barista ko akwai wani abu da ido zai iya gani, turaku ko shuka ko shinge. Barista ya ce sai da rani. Alƙali ya juya ya ce wa magatakarda ya rubuta cewa kotu ta zo, masu ƙara ba su iya nuna filin ba.

Ba ni da izinin magana, ni ba lauya ba, ni ba mai ƙara ba. Ina tsaye riƙe da fayil, hawaye na zuba a kan bangonsa. Duka zaman bai kai minti ashirin ba.

Motar ta tashi. Baba bai ji abin da aka rubuta ba, da Turanci aka faɗa. Ya fito daga ruwan yana matse bakin rigarsa, fuskarsa a sake, ya zo kusa da ni.

"Uwata, mutumin kirki ne, ya saurare ni sosai. Kin dai gaya masa ya dawo idan ruwa ya janye ko?"

Na dubi Elda, ya kawar da kai.

Na ce, "Na gaya masa, Baba."