Ƙusar Marlys

Shekara talatin da ɗaya Marlys Dvorak ta yi tana kai faranti a Ollie's, gidan abinci da giya da ke daura da ƙofar jami'a. Duk ɗalibin da ya ci soyayyen kifinta na ranar Juma'a ya sha faɗanta, kuma duk da haka Mama suke ce mata. A aljihun rigar aikinta kullum akwai wata doguwar ƙusa. Al'adar gidan ce, wanda ya gama karatu zai bar gari sai ya karɓi ƙusar ya sassaƙa sunansa a kan tebur. Masu tafiya kaɗai, ba kowa da kowa ba.

Haka wani ɗalibi mai suna Gil ya yi, a teburin kusa da taga. Ya rubuta suna, ya ɗaure kaya, ya dawo cin kifin sallama. Shi ke nan tafiya ta fasu. Marlys ya aura, suka zauna har ya rasu.

Da aka rufe gidan, aka kulle tebura a ciki. Shekara shida Marlys na bi ta titin tana manna goshi a gilashi, ko za ta hango sunan nan ta cikin ƙura. Kewa ta dame ta ƙwarai, kuma ba ta ɓoye wa kowa.

Sai ga labari wai Desmond Achterberg na neman sake buɗe gidan, in hukuma ta ba shi izini. Tsohon ɗalibi ne, yanzu ya yi tumbi da sanƙo. Ya aika mata ta zo ta ga gyara.

Tun daga ƙofa ƙarar inji da ƙurar katako suka tare ta. Tebura takwas a jere, an goge su sumul kamar bayan cokali.

"Mama, kin ga aiki?" in ji Desmond, baki har kunne. "Duk ƙazantar nan mun kankare ta."

"Ƙazanta? Kai ɗan nan, digiri biyu ka yi amma kanka ba komai! Naka sunan ma yana kan tebur na uku."

Murmushinsa ya ɗauke. Ita kuwa idonta ya riga ya kai taga, inda kafinta ya ɗora inji a kan teburin ƙarshe. Tsohuwar da ke kukan ciwon gwiwa ta haye wayoyi ta fizge fulogi daga bango. An ci gefen teburin kaɗan, amma Gil na nan, da karkataccen rubutunsa. Ta shafa shi da babban yatsa, ta yi kukanta ba ta ji kunyar kowa ba.

Desmond ya rasa inda zai sa kansa. Can ya ce, "Ki yafe mini, Mama. Wannan ba mai taɓa shi. Ƙusar na nan?"

Marlys ta zaro ta daga jaka, duk ta yi tsatsa.

"To ga wuri kusa da nasa. Ki sa naki, a sake farawa daga kanki."

Marlys ta share ido ta harare shi.

"Korata kake yi? Masu tafiya ke rubuta suna." Ta mayar da ƙusar jaka ta ja kujera ta zauna. "Je ka samo takardar izininka. Kuma kifin Juma'a ni zan nuna musu yadda ake soya shi."