Muryar Baba a Kunnen Hagu

Jiya Baba ya cika shekara da rasuwa, dattijon da muka yi maƙwabtaka da shi a unguwar Bin Mahmud. Matarsa ta bugo mini waya daga Zariya, ta ce, "Don Allah turo mini muryarsa, ta fara ɓace mini."

Na ɗauko na'urar ɗaukar sautin da ya bar mini. Duk Juma'a bayan la'asar yakan biya mini karatun Alƙur'ani muna ɗauka a na'urar, kowa da makirufonsa, kowace murya a layinta. Ɗakin kan cika da ƙamshin shayi da man zafin da yake shafawa a ƙirji. In na yi gaggawa sai ya ƙwanƙwasa tebur: "Ɗana, ina za ka? Sake."

Na haɗa layukan biyu suka zama sitiriyo, tasa a kunnen hagu, tawa a dama. A ɗaukar ƙarshe tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ci gaba, ina jin ka." Daga nan hagu ya yi tsit, ni kaɗai har ƙarshen surar, babu mai gyara mini.

Na yanke wurin kafin in tura mata.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Alƙur'ani ya cece shi.