Mutumin da ya hana Kofur cin kashi

Ina cikin dama koko da safen nan wayata ta yi ƙara. Bilkisu ce, 'yar Malam Lawal na asibitin dabbobi.

"Anti Rifkatu, Baba ya cika da asuba."

Na zauna a ƙasa da ludayi a hannuna.

Da yawanku a shafin nan ba ku san shi ba. Wasu kuma za su yi dariya in na faɗi dalilin haɗuwarmu, don a kan kashi muka haɗu. E, kashi. Amma yau sai na faɗa.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, a shekarar na rasa mijina, Istifanus. Daga Filato muka zo, shi yana aiki a sakatariya, ni ina koyarwa a firamare. Muna haya a Ƙofar Kaura, gida mai ɗaki shida, tsakar gida ɗaya. Ya bar ni da 'yarmu Alheri, tana shekara biyu, da wani jan kare mai farin ƙirji da ya raɗa wa suna Kofur.

Mai gidan, Alhaji, ya yarda da karen ne saboda gadi, da sharaɗin ya zauna can bayan gida.

Bayan rasuwar ban san inda kaina yake ba. Kofur sai ya wuni a ɗaure, in na tuna in jefa masa ragowar tuwo. Ba a yi wata biyu ba ya fara cin kashinsa. Daga nan ya koyi tsinke igiya, ya bi fo ɗin kashin yara da ake ajiyewa a bakin rariya.

Na doke shi. Na barbaɗa barkono. Na yi ta ihu har muryata ta dushe. Duk a banza.

Wata rana na fito na same shi yana lasar fuskar Alheri, bakinsa kaca-kaca. A satin yarinyar ta kwanta da gudawa, sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Matan gida suka kai ƙara, kuma ban ga laifinsu ba. Alhaji ya kira ni zaure ya ce, "Malama, ina tausayinki, amma nan da Juma'a ko kare ya bar gidan nan, ko ku bar shi tare."

Ba ni da wurin zuwa. Na tafi asibitin dabbobi in roƙi a yi wa Kofur allurar da ba zai tashi ba.

Malam Lawal na tarar, siriri, da farar rigar aiki a kan kaftani, yana duba bakin wata akuya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Karen na wa ne?"

Na ce na mijina ne, ya rasu. Sai kuka ya ƙwace mini.

Ya bar ni na yi mai isata. Ya ce, "Ɗiyata, tahi gida. In na tashi aiki ina nan zuwa. Ba a yanke ma mutum hukunci ba a gan shi ba, to shi ma bari in gan shi."

Bayan la'asar sai ga shi a kan tsohuwar Vesparsa. Ya durƙusa gaban Kofur, ya ja fatar idonsa, ya shafa haƙarƙarinsa. Matan gida suna leƙe ta labule, ga malami mai gemu yana taɓa kare. Wata ta kasa haƙuri ta yi magana. Ya ce, "Halittar Allah ce, Hajiya. In na gama ga ruwa, ga ƙasa, in wanke hannuna."

Ni kuma ya juyo gare ni.

"Wanga kare ba lalacewa ya yi ba. Yunwa ce, da tsutsar ciki, da kaɗaici. Ke kin yi rashi, shi ma ya yi rashi."

Wallahi ban taɓa tunanin haka ba.

Ya ɗura masa maganin tsutsa. Ya ce abinci sau biyu a rana, a kan lokaci, ko da tuwo ne a haɗa da wake ko kan kifi. Da Kofur ya yi kashi in kwashe nan take, kar ya juyo ya same shi. Safe da yamma in zaga da shi a igiya, da ƙuli-ƙuli a bakin zanina. In ya kai hanci ga ƙazanta in ce "Bari!" sau ɗaya, in ja shi, in ya dube ni in ba shi guntu.

"Bulala kuwa ki aje ta. Duka ba ya koya mishi komai sai ɓoyewa."

Abin da ya fi wuya shi ne maganar fo. Shi da kansa ya je wurin Alhaji, suka yi doguwar gaisuwa, ya roƙi a ƙara mini wata guda. Sannan Malam ya ce a gaya wa mata kowacce ta riƙa zubar da fo da yaro ya tashi, a kuma yi wa ramin masai murfi. "Ko an kashe karen ga, ƙuda na nan," in ji shi. Maman Sadiƙ, maƙwabciyata, ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata. A rana ta huɗu na ga ta sayo fo mai murfi daga kasuwa.

Kwana goma lafiya lau, ran na sha ɗaya Kofur ya koma. Na je asibiti na ce Malam, na gaji. Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Sojoji ma shekara nawa suka yi kahin su koma bariki? Kofur guda za ki ba kwana goma? Koma ki hwara daga hwarko."

Na koma na fara. Kafin watan ya cika ya daina. Gashinsa ya yi sheƙi, yaran gida suka rage yawan ciwon ciki, Alhaji bai sake tayar da maganar ba. Ni ma zagayen safe da yamman nan shi ya fito da ni daga ɗaki, na fara gaisawa da mutane kamar da.

Shekara tara Kofur ya ƙara a duniya. Alheri yanzu nas ce, da 'ya'yanta biyu.

Duk Kirsimeti ina aika wa iyalinsa shinkafa da kaza mai rai, don su yanka da kansu. Duk babbar Sallah Bilkisu na kawo mini cinyar rago.

Ganina da shi na ƙarshe a Babbar Kasuwa ne, farkon damina, layin masu hatsi. Yana dogara sanda, idon ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe shi, bai gane ni ba sai da na faɗi suna.

"Ah, uwar ɗakin Kofur!"

Ya ce Bilkisu ta buɗe nata wurin duba dabbobi, matasa uku na koyo a hannunta. Ya ce, "Yanzu in na tahi ba ni da fargaba, akwai masu hannu." Ya sa aka auna mini gero kwano biyu, na ce a'a, ya ce in ban karɓa ba ya yi fushi. Na karɓa.

Ya Allah, bawanka Lawal ya tausaya wa gwauruwa, ya tausaya wa dabbar da ba ta da bakin roƙo. Ka tausaya masa. Ka gafarta masa kurakuransa, ka haskaka makwancinsa, ka ba Bilkisu da 'yan'uwanta haƙuri, ka sa albarka a aikin da ya bar musu.

Duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, don Allah kar ka wuce haka nan. Ka tsaya ka yi masa addu'a yadda ka iya. Sunansa Lawal.